Muryar da Auta Ta Bi

Masu yi mini addu'a a ƙasan rubutuna, masu cewa "Allah ya kai mu ranar, a turo mana hoto," ku ɗan dakata. Masu tambayar ko Injiniya yana da ƙane, ku ma ku dakata. Yau ba da labarin daɗi na zo ba. Wallahi da ƙyar na ɗauki wayar nan, don kunya ce take cina tun daga tafin ƙafa har tsakiyar kai.

Ga wanda yau ya fara shigowa, a gidanmu Rediyo ake ce mini. Tun ina ƙarama bakina ba ya hutawa, da na girma sai bakin ya zama sana'a. Ni ce mai karanta tallar shaguna, irin wadda kuke ji a lasifikar mai sayar da sabulu. Ba ni da ofis, sif ɗin kayana shi ne ofishina. In ture atamfofi gefe, in zauna a kan tsohon akwati, in ja ƙofa, kayan su shanye amon ɗaki, murya ta fita tas. Ƙannena mata sun yi aure sun bar ni ina hira da riguna. Gwaggo kuwa duk zuwanta sai ta ce, "Ke kam muryarki ta shiga kowane gida a garin nan, ke ce dai kika ƙi shiga ko ɗaya."

Injiniya ya zo sa mana sola, ya jiyo ni a cikin sif ina tallar man shafawa, ya tambayi Umma wace ce. Mutum ne mai fararen kaya kullum a goge, ba ya ɗaga murya, in ya durƙusa gaida Abba sai an ce masa ya tashi. Shi ya samar wa Yayanmu aikin tuƙa motar kai batura, bayan ya daɗe yana zaman kashe wando a ƙofar gida. Umma ta daina ce masa Injiniya, ta koma "ɗana". Asabar mai zuwa manyansa za su zo wurin Abba. Leshin da zan sa ranar yana hannun Maman Auta, maƙwabciyarmu tela, wadda bangon ɗakina kaɗai ya raba ni da kekenta.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne na yi masa aiki. Tun farkon zuwansa hira ya ce akwai wata gidauniya da yake taimaka wa, ta 'yan matan da karatu ya tsaya musu, suna neman mai murya mai taushi ta karanta musu kalaman ƙarfafa gwiwa. Ni da nake neman inda zan burge shi, ai kafin ya rufe baki na ce to. Rubutun guntu-guntu yake zuwa, bai taɓa zuwa a dunƙule ba. Yau ya turo, "Ƙanwata, na san kin gaji, kuma babu mai tambayarki." Jibi ya turo, "Akwai inda aka san darajarki." Sai in shiga sif in karanta da wata murya da ba na yi wa sabulu, ƙasa-ƙasa, a hankali. In na tura ya amsa, "Ma sha Allah, ki goge naki don kada wayarki ta cika." Ni kuma in goge, ina murmushi kamar wata shashasha.

Ranar da ya turo, "Kada ki gaya wa na gida tukuna," na tambaye shi dalili. Ya ce wasu dangin ƙwace tallafin suke yi in sun ji. Zuciyata ba ta yarda ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a falo Gwaggo da Umma suna ta gardamar kalar labulen da za a sa mini, shi kuma yana waje a mota yana jira. Ko sif ɗin ban shiga ba, a bakin gado na karanta a gurguje na tura, na yafa gyale na fita.

Auta ita ce 'yar ƙarshen Maman Auta. Ta gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ta zauna tana yanke wa uwarta zare, tana yi mata guga. Takan leƙo ta ce, "Anti, ara mini gyalenki mai ruwan toka." Makon jiya aka aike ta sayo zik, ba ta dawo ba. An zaga asibitoci, an kai rahoto, an kira dangi na kusa da na nesa. Tun ranar keken ɗinkin ya yi shiru, ni da kullum nake tsine wa ƙararsa sai ga shi shirun yana hana ni sakat.

Yau da hantsi Maman Auta ta yi sallama. Mayafinta a birkice, silifas ɗinta ba iri ɗaya ba. Na ɗauka leshina ta kawo, ashe 'yar wayarta ce a hannunta, wadda aka ɗaure bayanta da roba.

"Maman Rediyo, zo ki ji abin da na tsinta," ta ce wa Umma. "Da wayata yarinyar nan take amfani tun da tata ta lalace. Ta goge komai, wannan ne kaɗai ya maƙale."

Ta zauna a kan kafet, ta danna. Ni ina tsaye da faranti a hannu.

"Ƙanwata, na san kin gaji, kuma babu mai tambayarki."

An ɗan ƙara wa muryar kauri, an sa mata amo kamar daga cikin babban ɗaki, amma ni zan kasa gane muryata? Guntayen nan da na yi ta turawa an jera su, an ɗinke su, sun zama magana guda mai kai da ƙafa. Kin gaji, akwai inda aka san darajarki, kada ki gaya wa na gida. A ƙarshe muryar wani namiji ta shigo ta faɗi sunan mutanen nan da ake ambata a labarai duk ranar da wani abu ya tashi a tasha ko kasuwa.

Umma ta ce, "Innalillahi." Ba Maman Auta ta kalla ba, ni ta kalla. Uwa ai ko a rijiya ka yi tari ta san naka ne. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta da bai kwance ba.

"Kai farantin nan kicin," ta ce mini.

Na kai. Ban fito ba har Maman Auta ta tafi. Ina jin Umma tana ce mata Allah ya bayyana, Allah ya tona asirin mai wannan murya, sai ta sarƙe a tsakiyar addu'ar ta kama tari. Na tsuguna a bayan ƙofar kicin na toshe bakina da ɗankwali. Matar da take rage mini kuɗin ɗinki tun ina 'yar makaranta tana falonmu tana kuka, ni kuma na ɓuya kamar ɓarauniyar nama.

Na rubuta masa, "Ka zo yanzu."

Ya amsa, "Lafiya, ranki ya daɗe? Kin ga rubutun safe?"

"Ka zo."

Bayan azahar ya iso, ya tsaya a inda ya saba, ƙarƙashin bishiyar bakin layi. Na shiga motar da doguwar rigar zaman gida, ko hoda ban shafa ba. Motar tana ƙamshin turaren da ni na zaɓa masa. Na gaya masa abin da na ji, ina jiran ya rantse, ya yi fushi, ko ya ce sace muryar aka yi. Wallahi da ya yi ƙarya da na ji sanyi, don a shirye nake in yarda. Sai ya rage ƙarar rediyo, ya ce, "Kuskuren masu rabawa ne. Bai kamata saƙon ya shiga unguwar da mai muryar take ba, akwai ƙa'ida a kan haka."

"Ƙa'ida?"

"Komai da tsarinsa. Ke kin ɗauka ihu da bindiga ne kawai? Masu bindiga ai su ne 'yan kaɗan. Akwai masu rubutu, akwai mai haɗa sauti, akwai masu rabawa, akwai matan da suke amsa wa yaran in sun yi magana, akwai masu mota. Kowa nasa ya sani. Mai rubutun da kike karantawa ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi ma bai san akwai ki ba."

Yana magana yana lissafawa da yatsu, kamar ranar da yake yi wa Abba bayanin yadda wuta take tashi daga farantin sola ta shiga batir.

"Kai fa, mene ne naka?"

"Nemo masu sana'a. Mai gyaran waya, mai jinya, direba, mai murya."

"Direba," na maimaita. Sai yanzu motar Yayanmu ta faɗo mini a rai.

"Batura yake kaiwa," ya ce. "Bai taɓa buɗe kwali ba, kuma ya fi masa alheri kada ya buɗe."

Na ce, "Ina Auta?"

"Ba sashena ba ne."

"Yarinyar da take kawo maka ruwa in ka zo? Wadda kake tsokana kana ce mata ƙanwar amarya?"

"Na ce miki ba sashena ba ne. Ko na so ba ni da wanda zan tambaya. Mutum ɗaya na sani a samana, shi yake kirana, ni ba na kiransa. Kin san tambayar da nake sha a kan man motar nan kaɗai?" Har da ɗan tsaki, irin na ma'aikacin da shugabansa ya takura wa.

Jama'a, a nan ne na yi tambayar da ta fi komai ba ni kunya. Yarinya ta ɓace, uwarta tana yawo da silifas daban-daban, ni kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To auren fa? Shi ma aiki ne?"

Ya juyo ya kalle ni da idon nan da na cika muku shafi da yabonsa.

"Sai da na nemi izini, gaskiya ne. An duba gidanku, aka ce ya yi. Sun fi son mai aiki ya zama na gida, an fi samun rufin asiri. Amma ba ke kaɗai aka nuna mini ba, ke na zaɓa."

Yabo yake nufi fa. Ya faɗa yana jiran in sunkuyar da kai in yi murmushi. Abin haushin, wani lungu a zuciyata sai da ya ji daɗin "ke na zaɓa". Allah ya isa tsakanina da wannan lungun.

"In na je na faɗa fa?"

"Ki faɗi me? Muryarki ce a wayoyi, motar Yayanki ce a hanya. Ni sola nake sa wa mutane." Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. "Ki kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Ki karanta na safe ki turo kafin magariba, ana jira. Sababbin zuwa sukan yi kukan gida a makon farko, muryarki ce take kwantar da su. Asabar kuma tana nan yadda aka tsara."

Na fita ban rufe masa ƙofa ba. Sai da na kai bakin ƙofar gidanmu maganarsa ta ƙarshe ta zauna mini. Sababbin zuwa, makon farko. Wato duk inda Auta take, abin da zan karanta yau zai shiga kunnenta.

Umma tana tsakar gida tana wanke kofunan baƙi da ba a taɓa amfani da su ba, na Asabar. Ba ta ɗago ba.

"Ki rufa mana asiri," ta ce, murya can ƙasa. "Abbanki hawan jini gare shi, Yayanki yanzu ya fara zama mutum. Ko mene ne, a bari Asabar ta wuce."

"Umma, kin san ni ce."

"Ban san komai ba. Maman Auta tana ɗakinki, ta kawo miki ɗinki."

Maman Auta tana zaune a bakin gadona, daidai inda na zauna ranar. Leshin yana kan cinyarta a ninke, ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Ta gyara mayafinta, amma silifas ɗin suna nan yadda suke.

"Rufe ƙofa, 'yata," ta ce.

Na rufe. Ta ciro wayar, ta matsar da saƙon zuwa tsakiya ba tare da ta duba ba, alamar ta saurare shi har ta haddace. Muryata ta ce, "Kada ki gaya wa na gida tukuna." A ƙarƙashin maganar, can nesa, akwai wata ƙara, kaca-kaca-kaca, sai ƙwas, sai ta ci gaba.

"Kin ji?" ta ce. "Kekena ne. Tun da ƙafarsa ta karye aka yi mata walda yake wannan ƙwas ɗin. Ni ban gane muryarki ba, sun canza ta. Kekena na gane. Na zauna ina tunanin wane ɗaki ne a duniya ake jin kekena ta bango."

Na zube a gabanta. Na so ta mare ni, na so ta tara mini unguwa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ita ta gane ki tun farko," ta ce. "Yarinyar da ko shago ba ta zuwa sai ta tambaye ni. Na yi ta mamakin wanda ya isa ya ce mata kada ta gaya mini, ta ji. Ashe Antinta ce. Ina ta wancan gefen ina haɗa wuyan leshinki, kina ta wannan gefen."

"Mama, wallahi ban sani ba."

"Ba ki sani ba, ko ba ki tambaya ba?"

Na ce, "Na tambaya sau ɗaya, aka ba ni amsar banza, na karɓa saboda ina son auren."

Ta gyaɗa kai. Na kwashe komai na gaya mata, motar, sassan, Yayanmu, har da makon farko da kukan gida. Na buɗe rubutun safe na miƙa mata. Ta riƙe wayar nesa da idonta ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi. Rubutun cewa yake, "Ƙanwata, share hawayenki. Na gida sun riga sun saba da rashinki."

Ta daɗe tana kallon layin.

"In kika ce mata ta dawo, zai kai?"

"Mai haɗa sautin zai yanke. Kalma ɗaya in ba tasu ba ce ba za ta wuce ba."

"Amma ya bar kekena ya wuce."

"Bai san mene ne ba. Bai san unguwar ba, bai san ni ba, bai san Auta ba. Kalmomi kawai aka ba shi ya duba."

Ta ajiye leshin a kan gado, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"To ki karanta musu ƙaryarsu. Kada ki shiga sif ɗin nan, ki zauna nan jikin bango. A ƙarƙashin keken nan ta yi rarrafe, in ta ji shi za ta san ban saba ba." Ta kai hannu ƙofa ta tsaya. "Gobe da safe kuma ki sa mayafinki ki raka ni inda na kai rahoto. Ki zo da wayarki, kada ki goge komai. Ki zo da Yayanki in zai zo da ƙafarsa."

"Mama, sauran yaran da za su ji fa? Su ba su san keken ba."

"Shi ya sa na ce gobe," ta ce. "Yau ɗaya nake roƙo. Ban ce daidai ba ne, uwa ce ni."

Ta fita. Na ji Umma tana ce mata, "Har kin fito? Ɗinkin ya yi?" Maman Auta ta wuce abinta.

Na zauna a bakin gado, bayana a jikin bango. Wayata ta yi haske, shi ne: "Ranki ya daɗe, ana jira. Wace kala za ki sa Asabar, in sa irinta?" Umma ta turo ƙofa kaɗan, kofi a hannunta yana ɗigar ruwa, ta kalli leshin mai hannu ɗaya, ta kalle ni. Na ce, "Umma, gobe zan raka ta." Ta ja ƙofar a hankali, ta bar ta a ɗan buɗe.

Can sai bangon ya fara rawa a bayana. Kaca-kaca-kaca, ƙwas. Babu ɗinkin da take yi, na sani, don ƙarar keken da babu ƙyalle a bakinsa daban take. Takawa kawai take yi da duk ƙarfinta.

Ni da ban taɓa neman murya na rasa ba, yau sai da na yi ta lalubenta. Na matsar da wayar kusa da bango fiye da bakina, na danna jan maɓallin.

Na ce, "Ƙanwata," sai na ji keken ya ƙara gudu.